Kafin a Shigo da Zarto Cikin Gida

Idan kaka ta yi a Rogo Ruma da sauran garuruwan ƙasar Rogo da Ƙaraye, aka kawar da masara da dawa daga gona, kuɗi suka ɗan shiga hannun manoma, iyaye kuma suka fara sa ranakun auren 'ya'yansu, babu mai sana'ar da aiki yake yi wa yawa kamar kafinta, domin kowace amarya tana bukatar gado da kujeru da abin ajiye tufafi, kowane ango kuma yana neman wanda zai ɗora masa kwano, ya sa masa ƙyaure da taga. A irin wannan lokaci ne kafintan da ya gaji da biyan hayar shago a bakin hanya, ko matashin magidancin da ya gama koyo a hannun ubangidansa yana son ya tsaya da ƙafarsa, yake ɗaga ido ya dubi zauren gidansa, ko kuwa garejin da aka gina a sabon gidan siminti alhali babu motar da za a sa a ciki, ya ce a ransa ga shago Allah ya ba shi kyauta. Daga nan ake samun wani saɓani wanda ba safai yake kaiwa gaban alƙali ba, amma yakan daɗe yana cin zaman gida, watau jayayyar miji da mata a kan wanda ya fi cancanta da wannan wuri.

Ra'ayina a kan mas'alar shi ne, bai kamata magidanci ya kafa bencin aiki a cikin gidan da iyalinsa suke zaune ba sai bayan ya nemi yardar matarsa, nema na haƙiƙa wanda a cikinsa tana da ikon ta kafa sharaɗi, kuma idan abin da za a yi zai ture wata sana'a tata, to wajibi ne a musanya mata da wani wuri kafin a fara.

Hujjar miji tana da ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. Shi Shari'a ta ɗora wa ci da sha da tufafi da mazauni, kuma sau da yawa da guminsa ko da gadon mahaifinsa aka gina gidan. Kuɗin da yake zubawa a haya duk shekara da sun zauna a gida da sun sayi buhunan abinci, katakon da ya ɗauko tun daga kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, bayan kuɗin mota da na lodi, ya fi aminci a inda yake kwana bisa ga shagon da za a kulle a bar wa mai gadi, sa'an nan 'ya'yansa maza za su tashi suna ganin aikin suna koyo ba tare da sun yi nisa da gida ba. Ita sana'ar kuma mai daraja ce tun asali, gama ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Duk wanda ya hana mutum neman halal da hannunsa ba tare da dalili ba ya ɗauki alhaki.

Inda maza da yawa suke kuskure shi ne zaton da suke yi cewa wurin fanko ne. Mutum yana fita tun da hantsi, ba ya komowa sai la'asar sakaliya, saboda haka abin da ya sani game da zaurensa na biyu ko garejinsa shi ne abin da yake gani da dare, watau buhuna biyu da tsohon babur. Bai ga lokacin da aka baza gyaɗa a wurin ana ɓara ba, bai ga sa'ad da aka shigar da shanyar barkono da kuɓewa don gudun hadari ba, bai san cewa nan ake ajiye injin markaɗe ko na taliya, nan 'yan mata masu talla suke jera farantansu kafin su fita, nan kuma ake ɗaure tunkiyar da uwargida take kiwo don babbar salla ba. Wannan ciniki na cikin gida daɗaɗɗe ne a ƙasarmu, kuma ba sai mun je nesa neman shaida ba. Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta tashi a yankin Zarewa, garin da yake cikin ƙasar Rogo a yau, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, kuma wanda ya karanta shi zai ga yadda matan wancan zamani suke kaɗi, suna sayar da abinci, suna tara abin kansu, suna yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki da biki daga abin da suka samu. Bayanta wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 cewa akwai kasuwa sukutum da take ci a cikin gidajen Hausawa, a hannun matan kulle, wadda baƙo ba ya gani. Idan baƙo bai gani ba yana da uzuri, amma maigidan da yake cin tuwo da man gyaɗar da aka matse a bayan katangarsa ba shi da irin wannan uzuri.

Ga kuma abin da fiƙihu ya ce, domin a nan ne wasu suke fakewa da cewa gida nasu ne. Mallakar gini daban take da haƙƙin zama a cikinsa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun lissafta mazauni a cikin nafaƙar da ta wajaba a kan miji gwargwadon halinsa da al'adar garinsu, kuma aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ, wadda ta yi umarni da zaunar da mata ta kuma hana a cuce su don a ƙuntata musu, ta sauka ne a kan matan da aka saka suna cikin idda. To idan wadda aka rabu da ita tana da wannan kariya, ina ga wadda ake zaune da ita? Dukiyar mace kuwa tata ce, tana saye tana sayarwa ba tare da ta nemi iznin kowa ba, abin da kawai mazhaba ta ba miji ikon tsayarwa shi ne kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta. Saboda haka kwashe mata kayan sana'a a zube a tsakar gida inda ruwa zai doke su, don a sami wurin jingina katako, ɓarnar dukiyar wani ce, ko da kuwa mai ɓarnar mijinta ne.

Akwai wani wuri a Muhtasar na Shehu Halil wanda nake so kafintoci su nemi malamansu su karanta musu. A inda ya yi maganar cutarwa tsakanin maƙwabta, ya ambaci abubuwan da alƙali yake hanawa, daga ciki har da hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, da kafa masussuka a gaban gidan mutum saboda ƙaiƙayin da iska take kwasowa. Amma ya ce ba a hana ƙara irin ta masu bugun tufafi. Na kawo wannan na ƙarshe ne don adalci, domin ya nuna malaman ba su nufin a kashe sana'a saboda ƙaramar damuwa, kuma uwargida ba za ta kafa hujja da bugun guduma kaɗai ba. Amma dusar katako 'yar'uwar ƙaiƙayi ce, bal ma ta fi shi sharri, gama tana sauka a kan tuwo da ruwan randa da shanyar gari, tana tayar wa mai asma ciwonsa, kuma tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin hanci ga waɗanda suka daɗe suna shaƙarta. A haɗa da warin fenti da gam, da hayaƙin janareta wanda yake kashe mutane cikin barci idan aka tayar da shi a rufaffen wuri, da tarin busasshen katako da soso a nesa kaɗan da murhu a watannin hunturu, da ƙusa da reza a ƙasan da yara suke rarrafe. Idan Shari'a ta kare maƙwabcin da katanga ta raba ku da shi daga irin wannan, babu yadda za a ce ta bar wadda take kwana a cikin gidan ba kariya.

Sai batun sutura, wanda a wurina ya fi sauran nauyi idan zaure ake magana. Kakanninmu ba su gina zaure don ado ba. Shi ne shamaki tsakanin waje da ciki, inda baƙo namiji yake tsayawa ya yi sallama, inda almajirai suke karatu, inda ake zaman suna da na makoki. Ranar da ya zama shago, yaran aiki baligai za su wuni a cikinsa, masu ba da aiki za su zauna jiran kayansu, abokan hira za su shimfiɗa tabarma, ta wannan ƙofa ɗaya kuma matan unguwa za su ratsa idan sun zo barka ko sayen ƙuli-ƙuli, 'yan matan gidan su fita makaranta su komo. Da yawa daga cikin matan za su daina zuwa saboda kunya, cinikin uwargida ya mutu ba tare da an taɓa mata ko da kwano ɗaya ba. Abin mamaki ne mutum ya tsananta kulle a kan iyalinsa, sa'an nan shi da kansa ya tara maza a bakin ƙofarsu tun safe har magariba.

Shawarar da nake nufi ba ita ce a sauke katako a ƙofar gida sa'an nan a leƙa ɗaki a ce, "Uwargida, ki sa yara su kwashe tarkacen nan, gobe zan fara aiki" ba. Wannan sanarwa ce. Alƙur'ani, a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, ya rataya yaye jariri kafin cikar shekara biyu a kan yardar iyaye biyu da shawararsu, kuma a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, da al'amari ya yi wa Sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauka, aka kuwa sami mafita. Babu magidancin da girmansa zai ragu don ya zauna bayan sallar isha'i, yara sun kwanta, ya ce, "Ga abin da haya take ci mini a shekara, ga abin da nake tunani, me kika gani?" Mai yiwuwa ta ce, "Malam, ba na ƙin ci gabanka, amma ina zan kai injina, kuma ta ina baƙina za su shigo?" Wannan tambaya tata ita ce mafarin gyara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Galibin abin da ake jayayya a kai yana da magani mai sauƙin kuɗi idan an zauna tun da wuri. Gareji ya fi zaure dacewa, saboda ƙofarsa tana duban waje. A toshe ƙaramar ƙofar da take shiga tsakar gida da bulo har sama, a huda taga ta wajen titi. Idan zaure ne kaɗai ake da shi, a fasa wa iyali wata ƙofa, ko kuwa a kafa rumfar kwano a jikin katanga ta waje bayan an sanar da mai unguwa da maƙwabta, zauren ya zama wurin ajiyar kayan aiki da dare kawai. Fenti da yankan inji a yi su a waje, janareta ya zauna a sarari nesa da tagar ɗaki, a kuma yarda da lokacin da za a tsaya, musamman idan akwai mai jego ko tsoho marar lafiya. Abin da ya fi kyau duka, aikin farko da zai fito daga sabon shagon ya zama rumfa da kanta da akwati mai makulli na uwargida, a madadin wurin da ta bari, a gama su kafin a karɓi aikin kowa. Kafinta ne, katako da ƙusa suna hannunsa, ba shi da hanzarin da zai kawo. Sa'an nan a sa wa abin ajali, a ce daga wannan kaka zuwa faɗuwar damina, a sake zama a duba, domin wurin da aka iya bari da rani ana iya matuƙar bukatarsa idan ruwa ya sauka. In gidan na mata biyu ne ko fiye, kowacce a ji ta bakinta, kada a shawarci ɗaya a ƙwace wurin ɗaya. In kuwa gidan na matar ne, ta gada ko ta saya, to maganar ta zama roƙo ko haya, kuma ya kyautu wani babba daga danginta ya shaida.

Ina kuma kira ga mata da kada su mai da wannan haƙƙi makamin ramuwa a kan wani tsohon ɓacin rai, ko su ƙi don kawai ƙawaye za su ce an mai da gidan wance shago. Kuɗin hayar da aka huta biya cikin tukunyarsu zai koma, kuma macen da ta san mijinta yana cikin ƙunci, ta ga an cika mata sharuɗɗan sutura da lafiya da wurin sana'arta, sa'an nan ta dage a kan ƙi, ita ma ta shiga cikin cutarwar da ake hana shi. Amma idan gidan ƙarami ne ƙwarai, ƙofa ɗaya, murhu a jikin zaure, yara ƙanana, ta kuma faɗi uzurinta a fili, to sai maigida ya haƙura ya ci gaba da haya, ko ya haɗa kai da wani abokin sana'a su kama shago ɗaya a bakin kasuwa su raba kuɗin, har Allah ya hore masa filin da zai gina nasa.