WUƘA BABU KUBE

Kafin ka ce na fiye tsegumi, ka yi haƙuri ka ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wasan yara, ni da furfura ta fara keto mini a gemu.

Ran wata Asabar da hantsi, a nan garinmu Gaya, ƙanwata ta aiki ɗanta ya kai mata niƙa, yaro ɗan shekara goma sha biyu. Har aka yi azahar babu yaro babu dalilinsa. Ta aiko mini hankalinta a tashe, na bar abin da nake yi na shiga gari cigiya. Daga ƙarshe wani almajiri ya nuna mini wani shago da aka rufe ƙofarsa da labule, janareto na ta ruri a gefe. Ina ɗaga labulen sai ga robar niƙa a ƙarƙashin benci, ga kuma ɗan nawa a gaban talabijin riƙe da hannun gem, baki buɗe, ko ƙifta ido ba ya yi. Kuɗin niƙa kuwa tuni sun shige aljihun mai shago.

Na yi niyyar in finciko shi, sai abin da na gani ya tsayar da ni. Wani baƙin saurayi ne a cikin talabijin ɗin, da farar singileti, yana tafiya a gefen titi. Yaron nan ya danna wani maɓalli, sai saurayin ya nufi wata tsohuwa da ke wucewa, ya dinga jibgarta da kulki har ta faɗi, jini ya malala, kuɗi suka zubo ya bi ya kwashe. Yaran da ke jiran layi suka bushe da dariya.

Na ce, "Kai, me ta yi maka?"

Ya ce, "Kawu ba komai fa, kuɗin bindiga nake haɗawa."

Na ce, "To shi wannan mutumin naka wane ne? Me ya fito nema?"

Ya ce, "Sunansa CJ."

Na ce, "Daga nan fa?"

Ya yi shiru. Na juya na tambayi sauran yaran, sun kai goma, babu wanda ya iya ƙara mini ko kalma guda. Wannan shirun nasu shi ne ya fi tayar mini da hankali fiye da kuɗin niƙa.

Sunan wasan nan Grand Theft Auto: San Andreas, yara na ce masa GTA. Kamfanin Rockstar ne ya fito da shi a shekarar 2004 a kan na'urar PlayStation 2, waɗanda suka ƙera shi kuwa suna can birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan. Tun daga 2013 ya shiga wayar hannu, saboda haka yanzu ko yaro bai je gidan gem ba, masu tura fina-finai a bakin kasuwa za su iya zuba masa shi a waya. A ƙasar da aka yi shi, doka ta sa an rubuta 18 ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsa, a Amurka kuma an ce sai ɗan shekara 17 zuwa sama. Wato su da kansu masu abin ba su yarda a miƙa wa ƙananan 'ya'yansu ba. Mu kuwa a nan, kwalin ma ba ya isowa, balle a karanta abin da ke jikinsa.

Da yake ba na son in soki abin da ban sani ba, sai na samu wani ƙanena da ke karatu a jami'ar Wudil, na ce ya zauna ya buga mini wasan nan tun daga farko, yana fassara mini abin da suke faɗa. Mun ɗauki makonni muna yi bayan isha'i. Ashe akwai labari a ciki, kuma ba ƙaramin labari ba.

Shi wannan CJ, Carl Johnson ke nan, ya yi shekara biyar a gudun hijira, sai aka aiko masa an harbe mahaifiyarsa. Ya dawo garinsu Los Santos a shekarar 1992 don jana'iza. Tun kafin ya isa gida wasu gurɓatattun 'yan sanda ƙarƙashin wani mai suna Tenpenny suka tare shi, suka ƙwace kuɗinsa, suka ce ko ya yi musu aiki ko su ɗora masa kisan wani ɗan sanda da su ne suka kashe shi. Ya iske unguwarsu ta lalace, ƙwaya ta cinye samari, dabar yayansa Sweet ta watse. Can tsakiyar labari sai ta bayyana cewa aminansa biyu na ƙuruciya, Big Smoke da Ryder, waɗanda suke ci kwano ɗaya, sun sayar da unguwar ga dillalan ƙwaya, kuma suna da hannu a harin da ya ci uwarsa. Aka ɗaure yayan, shi kuma ya shiga duniya. A ƙarshe kotu ta saki Tenpenny, gari ya kama da wuta. Wannan ma ba daga sama suka ƙago shi ba, domin kuwa a watan Afrilun 1992 an yi irin wannan tarzoma a birnin Los Anjalas, bayan kotu ta wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka, mutum sama da 60 suka rasa rayukansu.

To don Allah mai karatu, wanne ne baƙo a wurinmu cikin wannan labari? Cin amanar aboki? Ƙwaya? Faɗan unguwa da unguwa? Uwa ta mutu a kan rigimar da ba ta san mafarinta ba? Da a ce wannan labari ne ke isa kunnen 'ya'yanmu, da wataƙila na sassauta alƙalamina. Amma ina! Ba ya isa.

Dalili na farko shi ne harshe. Turancin da ake yi a ciki na 'yan tashar Amurka ne, wanda ko malamin Turanci sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci wani abu. Fim ɗin Indiya ya samu masu fassara shi da Hausa, gem kuwa babu wanda ya fassara. Dalili na biyu shi ne kuɗi. Labarin nan yana cin kusan awa talatin kafin a kai ƙarshensa, shi kuwa yaro 'yan mintoci ya saya da naira ɗarinsa, mai shago na duban agogo, na bayansa na cewa ya yi sauri. Wa zai ɓata kuɗinsa yana kallon mutane na surutu? Da an fara magana sai ya danna ya tsallake, ya koma titi. A bangon shagon nan na ga takarda an rubuta wasu lambobi da suke kira kod. In ka danna ɗaya lafiyarka ta dawo har da dala 250,000 a aljihu, wani ya cika ka da makamai, wani kuma ya sa 'yan sanda su manta da kai. Ga maganin tauri, ga layar zana, duk a bango kyauta. Sun haddace su tsaf, abin da ba su yi wa jadawalin lissafi ba.

Ka ga ke nan an ba yaro wuƙa, an bar kuben a Turai. Labari shi ne kuben faɗa. Shi ke gaya maka wa aka sara, ɗan wane ne, me ya jawo, me kuma ya biyo baya. In aka cire shi, abin da ya rage sara ne kawai.

To amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi kansa labarin, ko da an ji shi duka, baki biyu gare shi. Bakinsa na wa'azi, hannunsa na ɓarna. A wurin magana za ka ga CJ yana baƙin cikin mutuwar uwarsa, yana tsine wa masu sayar da ƙwaya, har ka ji tausayinsa. Da an miƙa maka hannun gem kuwa, sai ka bi ta kan iyayen wasu da mota, babu abin da zai ragu a labarin. Akwai wurin da wasu leburori suka yi wa ƙanwarsa Kendl maganar banza, shi ke nan sai ya tura shugabansu cikin rami, yana cikin ɗan ɗakin ba-haya, ya zuba masa kankare ya binne shi da rai. Kuma wai shi ne akta, ba bos ba! An ma yi wani ma'auni na girma da ake ganin mutum da shi a cikin daba, wanda ke ƙaruwa duk lokacin da ka kashe 'yan wata unguwa ka ƙwace musu layi. Yaro kuwa ba abin da aka faɗa masa yake riƙewa ba, abin da aka ba shi lada a kai shi yake riƙewa.

Babbar ƙaryar wasan nan ita ce mutuwa. In ka kashe mutum, motar asibiti na iya zuwa ta tashe shi ya ci gaba da tafiya, in ba ta zo ba gawar ta ɓace da kanta. In kai aka kashe, sai ka farka a ƙofar asibiti, an cire maka dala ɗari an karɓe makamai, ka koma ka ɗora daga inda ka tsaya. In 'yan sanda sun biyo ka, ka shiga gareji a sake wa mota fenti, magana ta wuce. Babu wanka, babu makara, babu zaman makoki, babu marayu.

Ni kuwa na san yadda abin yake a zahiri. Shekarun baya na je ta'aziyyar ɗan wani maƙwabcinmu, yaron da aka kai birni koyon sana'a, faɗan daba ya rutsa da shi a hanyarsa ta komawa masauki. Na ga uban zaune a kan tabarma, ana yi masa gaisuwa yana amsawa, amma idonsa ba ya ganin kowa. Uwar kuwa an ce har yau in ta zuba tuwo sai ta fitar da kwanonsa, sannan ta tuna. Wannan yaro bai farka a ƙofar asibiti ba.

Kada wani ya ce na ce gem ne ya kawo daba. Ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Daba ta girmi talabijin a ƙasar Kano, tun zamanin 'yan bangar siyasar jamhuriya ta farko ake fama, kuma talauci da zaman banza da ƙwaya da 'yan siyasa masu raba kuɗin sara su ne ke ciyar da ita. Dubban yara sun buga GTA sun girma ba su taɓa marin kowa ba. Abin da nake cewa shi ne, garin da gobara ke ci ba a koya wa yaransa dariya in sun ga wuta. Dariyar nan da aka yi wa tsohuwa ita nake tsoro.

Haka kuma ba na tare da masu cewa a rufe, a kama, a ƙone. Mun ga irin wannan a kan littattafan soyayya, aka yi ta tsine musu, aka kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a Kano a 2001, a 2007 har ƙona wasu littattafai aka yi a bainar jama'a, amma karatunsu bai tsaya ba. In ka rufe shago yau, gobe wasan na cikin waya a ƙarƙashin bargo, inda babu ma labulen da za ka ɗaga. Mai shagon nan ma ɗanmu ne, abinci yake nema, kuma yawancin cinikinsa wasan ƙwallo ne, wanda ban ga aibunsa ba.

Mu kuma ba baƙin labarin faɗa ba ne. Muna da Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, muna da dambe wanda in an kayar da mutum ake cewa an kashe shi, ya tashi ya karkaɗe jiki a tafa. Balle mu mutanen Gaya, ai ba a yi mana gorin makami. Tarihin baka ya nuna cewa a nan Bayajidda ya tsaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya wuce Daura ya sauka a gidan wata tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa ta ce babu, domin macijiyar rijiyar Kusugu ba ta bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya je ya sare kanta, gari ya sha ruwa. Sara ɗaya tak, amma ga shi har yau ana ba da labarinsa, saboda kowa ya san dalilinsa. Wancan ya zare wuƙa tsohuwa ta samu ruwa, na cikin talabijin ya ɗaga kulki ya kwashe kuɗin tsohuwa. Wanne muke so 'ya'yan maƙeran Gaya su gada?

Saboda haka ga roƙona. Ku masu gidan gem, daga Gaya har Ajingi, ku ji tsoron Allah ku ware. Ɗan firamare a ba shi ƙwallo ko tseren mota, wannan kuwa a bar wa masu gemu, tunda masu shi ma haka suka tsara. Ku iyaye, ku daina tsayawa a kan "ina ka je?" Ku ɗaga labule ku shiga ku zauna, ku karɓi wayar ku duba, ku tambayi yaro wa ya kashe kuma me ya sa. Ku kuma samarinmu masu ilmin kwamfuta da marubutanmu, har yaushe za mu zauna ana yi mana tatsuniya da harshen da ba ma ji? Ku ƙera mana namu, wanda in an sari mutum a ciki za a ga uwarsa.

Shi kuwa ɗan nawa ban dake shi ba. Na biya kuɗin niƙa, daga baya na zaunar da shi na ba shi labarin CJ tun daga jana'iza har tarzoma. Da na zo wurin cin amanar Big Smoke sai ya zaro ido ya ce, "Kawu, wannan mai ƙibar? Ai na ɗauka mutumin kirki ne!" Ya yi shiru can, sannan ya ce, "To ita tsohuwar nan fa, ita ma tana da 'ya'ya?" Na ce masa masu wasan ba su yi mata ba, amma duk wadda zai gamu da ita a titin Gaya tana da su.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu gane. Wassalam.