Kasuwar Nowel ta Kaysersberg: ko ta isa a yi mata tattaki?

Kowace shekara, da watan Nuwamba ya kusa ƙarewa, sai ƙananan garuruwan yankin Alzas, a gabashin Faransa kusa da iyakar Jamus, su shiga shirin kasuwar Nowel, wato bikin da Kiristoci ke yi na tunawa da haihuwar Annabi Isa, wanda wasu ke kira Kirsimeti. Akan kafa rumfunan katako, a rataya fitilu a tituna, baƙi kuma su yi ta kwararowa daga ƙasa da ƙasa. Ɗalibai da ma'aikata da ƴan kasuwa waɗanda hunturu ya riska a Turai sukan tambaya ko ƙaramin gari irin Kaysersberg, wanda masu yawon buɗe ido suka riga suka cika, ya cancanci kuɗin mota da wahalar ɗari. Ya cancanta, amma bisa sharaɗi guda: a tafi domin garin, kasuwa ta zama gyara a kan ciniki.

Kaysersberg yana kamar kilomita 12 daga birnin Kolmar, a bakin wani rafi mai suna Weiss, gonakin inabi sun kewaye shi. Mutanen tsohon garin ba su kai 3,000 ba. A shekara ta 2017 masu kallon telebijin na Faransa suka zaɓe shi ƙauyen da suka fi ƙauna, abin da ya ƙara masa suna da baƙi. Kasuwarsa ta Nowel ƙarama ce, tana ci ran Juma'a da Asabar da Lahadi a makonni huɗu da ke gaban bikin, a wani fili kusa da majami'ar garin, kuma an san ta da kayan masu sana'ar hannu: masassaƙa, da magina tukwane, da masu aikin gilashi da na zane.

Masu cewa tafiyar ba ta da riba suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Babban titin garin guda ne, matsattse, an gina shi tun zamanin dawaki da amalanke. Ran Asabar da marece mutum ba ya tafiya da ƙafarsa, taro ne ke tura shi. Jirgin ƙasa ba ya zuwa garin, sai an sauka Kolmar a nemi motar fasinja. A watan Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, sanyi kuwa yakan kai inda ruwa ke daskarewa. Ciniki da kuɗin yuro ake yi, wanda guda ɗaya ya yi daidai da sefa 656, saboda haka abin da mai rumfa ya ɗauka ƙaramin kuɗi, ga ɗalibi guzurin yini ne. Ban da wannan, abin sha da kasuwar ta shahara da shi giyar inabi ce mai zafi, abincin yankin kuma da yawansa akwai naman alade a ciki. Wanda sayayya kaɗai ta fito da shi, birnin Sitirasbur, inda ake cin kasuwar Nowel tun 1570, ya fi yalwar kaya, Kolmar kuma tana da kasuwanni da dama masu ci kullum har lokacin bikin.

To, me ya rage wa ƙaramin gari? Abin da ya rage masa shi ne abin da rumfuna suka tarar a wurin. Akwai gadar dutse mai kagara da aka gina a 1514, wadda har yau ake bi ta kanta. Akwai kufan gidan sarauta na ƙarni na 13 a bisa tudu, inda mai hawa zai hangi garin da kwarinsa gaba ɗaya. A cikin majami'a akwai wani babban sassaƙen katako na 1518, aikin da duk mai sanin darajar gizago zai tsaya ya duba. A garin ne aka haifi likita Albert Schweitzer a 1875, lokacin da Alzas ke hannun Jamus, mutumin da ya kafa asibiti a Lambarene ta ƙasar Gabon a 1913, ya kuma sami lambar Nobel ta zaman lafiya ta 1952, ko da yake daga baya an soki yadda yake ɗaukar ƴan Afirka kamar yara. Kusa da garin, a kan tudun Sigolsheim, akwai makabartar sojojin da suka mutu a yaƙin ƙwato wannan yanki a hunturun 1944 da 1945. Kaburbura fiye da 1,500 ne, kusan rabinsu na Musulmi, akasari daga Afirka ta Arewa. Ɗan Afirka da ya zo har nan ya koma bai ziyarce su ba, ya ga Dala bai shiga birni ba.

Mai karatu yana iya cewa duk waɗannan suna nan ko da wane wata, me ya sa sai lokacin cunkoso? Dalili shi ne a lokacin ne ake ganin dabarar garin. Ana gama tsinkar inabi wajen watan Oktoba, gonaki su zama ƙirare, aiki ya yi sauƙi. Kasuwar Nowel ita ce sana'ar ranin waɗannan mutane: da ita masu masauki da masu gashin burodi da masu sana'ar hannu ke cike giɓin shekara. Sai dai baƙo raɓa ne, ɗan gari shi ke kwana da abin da ya bari. Inda baƙi suka yi yawa, gidajen zama sukan koma masaukin haya, kantin gishiri da sabulu ya koma na tsaraba. Ranar da ɗan gari ya daina sayen abu a kasuwar garinsu, ta zama wasan kwaikwayo.

Saboda haka wanda ya yi niyya, ya zaɓi Juma'a, ya isa da hantsi, ya kwana Kolmar, inda jirgin ƙasa mai sauri ke kawo mutum daga Paris cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka. Ya fara da gada da tudu da makabarta tun da sauran haske, ya bar rumfuna sai an kunna fitilu. Ya tambayi abin da ke cikin abinci kafin ya ci. Akwai ruwan tuffa mai zafi, da burodin zuma, da ƴan ƙananan biskit da ake kira bredele. In zai saya, ya saya daga hannun da ya yi aikin. Ya kuma tuna cewa gidajen nan masu ban sha'awa akwai masu barci a cikinsu, kada ya leƙa taga don ɗaukar hoto.

Wanda ya bi wannan hanya zai dawo da abin da ya fi tsaraba. Wanda kuwa ya sauka ran Asabar da la'asar, ya kewaya rumfuna awa ɗaya ya koma mota, ya biya kuɗi ne ya kalli ƙeyar mutane.