Gas na ci a Kudu, Arewa na kwana cikin duhu

A watan Janairun 1421... ba wannan ba ne lissafin da talakan Maiduguri ke riƙe da shi. Abin da yake tunawa shi ne Janairun 2021, lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa turakun layin lantarkin da ya taso daga Damaturu, gari guda ya faɗa cikin duhu wata da watanni. An gyara a watan Maris, ba a yi mako guda ba aka sake kayar da su. Mai walda ya rufe rumfa, mai injin niƙa ya koma sayen man dizal, mai sayar da ƙanƙara ya rasa abin yi a garin da zafinsa ke haura digiri 40.

Sai a watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya je ya buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas wadda kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya gina a garin, aka tsara ta ba da megawat 50. Yadda take aiki ba wani sihiri ba ne: ana ƙona gas, zafin ya juya farfela, farfelar ta juya janareta. Amfaninta ga Maiduguri a fili yake, domin wutar a cikin gari ake yin ta, ba sai ta keto daji mai cike da haɗari ba. Wannan kam alheri ne, kuma adalci ne a faɗe shi.

To amma ina gas ɗin yake fitowa? Babu bututun da ya isa Borno. Daskarar da shi ake yi a Jihar Ribas har ya zama ruwa, a ɗura a tankoki, a yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a kan titunan da kowa ya san halinsu. Ke nan hasken gari yana rataye ne a wuyan tayar mota. Ranar da hanya ta toshe, ko aka yi saɓani kan bashin kuɗin gas, an koma gidan jiya.

Wannan ita ce larurar Arewa baki ɗaya. Fiye da kashi biyu cikin uku na wutar Nijeriya daga gas take, kuma manyan tashoshin, irin su Egbin ta Legas mai megawat 1,320, a Kudu suke. Abin da ke kusa da Arewa shi ne madatsun ruwa na Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Sauran kuwa sai ta 'yan tsirarun layuka masu tsawo. Shi ya sa a watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ya biyo ta Binuwai ya faɗi, Kano da Kaduna da Bauci da sauran jihohi suka yi fiye da mako guda babu wuta, har asibitoci.

Mahukunta sun san maganin tun ba yau ba. Tashar Kudenda ta Kaduna, mai megawat 215, tun 2009 aka ba da kwangilarta, shekara goma ta wuce ba ta haska ko da gida ɗaya ba. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, an ƙaddamar da shi a 2020 da alkawarin shekara biyu, har 2024 ta ƙare bai kawo gas Kano ba. Alhali jiragen ruwa tun 1999 suke lodin gas daga tsibirin Boni zuwa Turai ba fashi. Abin da ya rage kuma ana ta babbaka shi a sararin Neja Dalta, duk da dokar 1979 da ta ce a daina daga 1984. Tsarin da 'yan mulkin mallaka suka bari ke nan: arzikin da Allah (T) Ya shimfiɗa wa raunana, hanyarsa ta fita waje a share take, hanyarsa ta zuwa ga talaka kuwa sai kwamiti bayan kwamiti.

Ya kamata 'yan uwa matasa su fahimci cewa wannan magana ta shafi addini, domin amana ce aka ci, kuma wanda talauci ya kora daga sana'a shi ake fara ɗauka hayar banga. Zagin ma'aikacin da ya zo yanke waya ba ya kawo wuta. Satar wayoyi da kayar da turaku kuwa zalunci ne a kan marasa lafiya da masu neman halal, ko waye ya aikata. Masu karatun injiniya a cikin 'yan uwa su dage su san wannan fanni ciki da bai. Sauran kuma duk inda wani mai mulki ya tsaya yana alkawarin wuta, a tambaye shi ranar da gas zai fito daga bakin bututu a Kano, da kuma tashar da za ta ƙona shi.