Kada mu kori mai gadi don ya tare magatakarda

A ƙarshen zangon farko na bara, wani uba ya zo makarantarmu a Tasawa riƙe da takardu biyu. Ɗaya takardar jarrabawar lissafi ce ta ɗiyarsa, an rubuta 14 bisa 20 da jan biro. Ɗayar kuma takardar sakamako ce da kwamfuta ta fitar, a ciki an ce 04. Ya ce da ni, "Malam, ba faɗa na zo yi ba. So nake in san wanda ya taɓa makin yarinyar nan."

Ni ke kula da kwamfutar da muke tara maki a ciki, don haka na ce ya ba ni minti biyar. Manhajar makin tana da rajista, inda take rubuta sunan duk wanda ya shiga, da lokacin, da abin da ya canja. Da na buɗe, sai na tarar rubutun ƙarshe ya yi mako uku. Mun gyara makin daga takarda, amma tambayar uban ba ta samu amsa ba har yau. Ko kuskuren yatsa ne, ko da gangan aka yi, Allah kaɗai ya sani.

Ga abin da ya faru. Faifan kwamfutar ya cika, sai muka sa sabo muka mayar da rajistar can. Kwamfutar tana aiki da Linux, kuma a cikinta akwai wani tsarin tsaro mai suna SELinux. Wannan tsarin yana liƙa wa kowane fayil da kowace manhaja tambari, sannan yana da doka a kan wane tambari ne zai taɓa wane. Sabon wurin da muka buɗe ba shi da tambarin rajista. Duk lokacin da manhajar ta zo rubutu, mai gadin sai ya tare ta, ita kuma ta ci gaba da karɓar maki ba tare da ta yi ƙorafi ba.

Na kira wani matashi mai gyaran kwamfuta a Maraɗi. Nan take ya ce in rubuta setenforce 0, komai zai koma daidai. Gaskiya ya faɗa, domin wannan umarnin yana sa mai gadin ya daina tare kowa. Wani abokin aikina a Mayahi ya gaya mini su ma sun taɓa cin karo da irin wannan, kuma tun ranar suka kashe tsaron gaba ɗaya.

Ra'ayina shi ne wannan hanyar kuskure ce, kuma makaranta ce wurin da ya fi kamata a guje mata.

Ban raina hujjar masu kashewa ba. Tsakanin Tasawa da Maraɗi akwai fiye da kilomita 100, masu gyara ba su da yawa, intanet na zuwa na tafiya, darakta kuma yana jiran takardun sakamako gobe da safe. Bayanin matsalar ma da Turanci ko Faransanci yake. Wanda ya kashe tsaron a irin wannan hali ba mugu ba ne, gajiya ce ta kai shi.

Sai dai mu duba abin da ake zubarwa. Hukumar tsaron Amurka ta NSA ce ta fitar da SELinux a shekarar 2000, aka shigar da shi cikin Linux a 2003. Amfaninsa shi ne ko da ɓarawo ya samu kan wata manhaja, ba zai iya tsallakawa zuwa sauran fayiloli ba, don tambarinsa bai ba shi izini ba. Tun daga Android 5.0 a 2014, wannan mai gadin yana aiki sosai a wayoyin Android, har da Tecno da Itel da ke aljihunmu. Idan an ga ya dace a tsare hotunan waya da shi, yaya za a ce sunayen yara, ranakun haihuwarsu, lambobin iyayensu da makinsu ba su cancanci haka ba? Balle kwamfutar makaranta da hannuwa da yawa ke taɓawa.

Gyaran na gaskiya kuma bai kai yadda ake tsoro ba. Mai gadin yana da tasa rajistar, wato audit.log, kuma duk wanda ya tare sai ya rubuta, da sunan manhajar da wurin da ta nufa. A can na ga ƙin amincewar mako uku a jere. Umarni biyu suka warware matsalar: semanage fcontext don a shaida wa tsarin cewa sabon wurin na rajista ne, sai restorecon don a liƙa tambarin. Karatun ya ci mini yamma guda, rubutun bai kai minti biyu ba. Laifin namu ne tun farko, mu da muka sauya wa magatakarda ofis ba mu sanar da mai gadi ba.

Babban darasin a wurina shi ne rajistar da ta yi shiru ta fi wadda ta ɓata haɗari, domin kowa yana zaton tana nan tana aiki. Da littafin kiran suna ne ya yi mako uku ba a rubuta ba, da darakta ya gane tun rana ta biyu. Na kwamfuta kuwa babu mai leƙawa sai ranar da rigima ta tashi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga 'yan uwana malamai: duk ranar Litinin a buɗe rajistar a duba kwanan watan layin ƙarshe. Kowane malami ya samu sunansa da kalmar sirrinsa, kada a yi tarayya. Duk mai gyaran da ya kashe wani tsaro, ya rubuta abin da ya kashe da ranar da zai mayar. Takardun jarrabawa kuma a adana su, don su suka cece mu.

Ga iyaye: a taron iyayen yara na gaba, ku tambayi wa ke iya canja maki a kwamfuta, kuma a ina ake ganin wanda ya canja. Idan aka ce akwai rajista, ku nemi a buɗe ta a gabanku ku ga kwanan wata.