Zauren Kimiyya: Ƙwayoyin da Ba Sa Zama Wuri Ɗaya

Yau za mu fara da fankar ajinmu. Idan tana juyi a hankali, muna iya ƙirga fukafukanta. Da ta ɗauki gudu kuwa, sai mu ga kamar faifai ɗaya. Mu riƙe wannan misali, zai yi mana amfani.

Akwai wasu ƙananan ƙwallayen roba da ba su kai ƙwayar gero ba, ana kiran su rezin. Cikinsu duk ramuka ne. Giram ɗaya na wani nau'insu mai suna Amberlite XAD-4 yana da farfajiyar ciki da ta haura murabba'in mita 700, wato ta fi fuloti mai ƙafa 50 da 100 faɗi. Masana'antu na amfani da shi wajen cire guba irin su fenol daga gurɓataccen ruwa, domin ƙwayoyin gubar suna maƙalewa a bangon ramukan.

Sai dai maƙalewar ba ta dindindin ba ce. Wata ƙwaya na saki, wata na kamawa, ba tsayawa. Wannan shi ne daidaiton da muke karantawa a darasin kemistiri: yawan na manne da na cikin ruwa ba ya canzawa, amma musaya na ta gudana.

To, yaya za a auna saurin abin da ido ba ya gani? Nan ne na'urar NMR ta shigo. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka gano hanyar a Amurka, suka kuma sami kyautar Nobel a 1952. Ana sa samfuri a cikin ƙaƙƙarfan maganaɗisu, a aika masa da igiyar rediyo, sai cibiyoyin zarrar haidurojin su amsa. Amsar ƙwayar da ke manne ta sha bamban da ta wadda ke yawo a ruwa.

Mu koma ga fankarmu. Idan musayar na tafiya a hankali, na'urar za ta zana layi biyu, kowanne da wurinsa. Idan tana da sauri ƙwarai, sai su haɗe su zama layi ɗaya a tsakani. Daga faɗin layin da wurin da ya tsaya ne masana ke lissafa tsawon lokacin da ƙwaya ke yi a manne.

Lissafin ba na wasa ba ne. Rezin da ba ya riƙo sosai zai bar guba ta wuce cikin ruwan da ke komawa kogi. Wanda kuma ya riƙe gam, wanke shi don a sake amfani da shi sai an sha wuya.

Ga aikin gida: idan aka ɗumama samfurin, layukan biyu za su haɗe ne ko za su ci gaba da zama daban? Mu tattauna da malamin kemistiri, amsa sai mako mai zuwa.