Idon Matuƙi Kaɗai Ba Ya Isa A Sararin Sama

Ran 29 ga Janairu 2025, da dare, wani jirgin fasinja da jirgin soja mai saukar ungulu suka yi karo a kan kogin Potomac, kusa da filin jirgin birnin Washinton na Amurka. Mutum 67 suka rasu, ba wanda ya tsira. Hanyar da jirgin sojan ya bi an yanka mata iyaka, watau kada a wuce ƙafa 200 daga ƙasa, amma bincike ya nuna ya kai kusan ƙafa 280. Matuƙansa kuwa sun riga sun nemi izini daga hasumiya, an ba su, cewa za su kauce wa ɗayan jirgin da idonsu.

Kada masu karatu su ce wannan labarin nesa ne. Mutanen Daura, daga Kusugu har bayan gari, sun saba ganin masu saukar ungulu suna kai da kawowa daga 2015 zuwa 2023, zamanin mulkin marigayi Muhammadu Buhari. Sa'an nan ran 15 ga Yuli 2025 jiragen manyan baƙi suka yi ta sauka a filin Katsina domin jana'izarsa. To, wace doka ce ke hana su haɗuwa a sama?

Tuƙin jirgi iri biyu ne. Akwai wanda matuƙi ke dogara ga na'urorin da ke gabansa, hasumiya tana ja masa gora, ko cikin gajimare ne. Akwai kuma tuƙin gani da ido, wanda ƙananan jirage da masu saukar ungulu suka fi yi. Ƙa'idar duniya ta ce mai tuƙin ido, in yana ƙasa da ƙafa 10,000, sai ya iya hangen kilomita 5, kuma ya nisanci gajimare da ƙafa 1,000 sama ko ƙasa.

An kuma raba sama hawa-hawa kamar bene. Bisa wannan ƙa'ida, mai tuƙin ido da ya tashi daga Katsina ya nufi Daura, watau gabas, zai ɗauki ƙafa 5,500 ko 7,500. Wanda ya nufi yamma kuwa 6,500 ko 8,500. Masu tuƙin na'ura su ke da cikakkun dubbai, ɗari biyar ɗin nan ita ke raba su. Amma da zarar jirgi ya shiga yankin da hasumiya ke iko da shi, kamar kewayen filin Kano, mai kula da zirga-zirga yana iya ba shi wani hawa dabam, tilas ne kuwa ya bi. In hawan da aka ba shi zai kai shi cikin gajimare, sai ya faɗa nan da nan a sake masa wani, ba shi da ikon sakewa da kansa a ɓoye. Duk da haka nauyin duba gabansa bai sauka daga kansa ba.

Ba a kafa dokokin nan ba sai da aka yi hasarar rayuka. Ran 30 ga Yuni 1956 jiragen fasinja biyu suka yi karo a kan kwazazzabon Grand Canyon, wajen ƙafa 21,000, kowanne yana dogara ga idon matuƙansa. Mutum 128 suka halaka, shi ya sa Amurka ta kafa sabuwar hukumar jiragen sama a 1958. Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Ran 1 ga Maris 1978 jirgin Nigeria Airways ƙirar F28 ya yi karo da jirgin yaƙi MiG-21 na horo a filin Kano, mutum 18 suka rasu.

Ƙasarmu tana da wata matsala tata, watau hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akan wayi gari mutum ba ya hangen ko kilomita ɗaya. Jirage biyu da suka fuskanci juna, kowanne yana gudun kilomita 200 a awa, za su cinye kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 9. Ina lokacin gani, balle na kaucewa? Saboda haka a hunturu abin da ke raba jirage shi ne hawan da aka ba kowa, da kuma na'urar auna hawa mai faɗin gaskiya.

Abin da ya kamata a yi a fili yake. Hukumar NAMA, wadda aka kafa a 1999 don kula da sararin saman Nijeriya, ta tabbata rediyo da rada suna aiki dare da rana, kuma ma'aikatan hasumiya sun wadata, gama mutum ɗaya mai aikin mutum biyu ba ya rasa kuskure. Jirgin soja da na babban mutum su bi hawan da aka ba su kamar kowa, hasumiya ba ta san sarauta ba. Malaman makaranta kuma su ƙarfafa wa yara lissafi da Turanci, domin kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, tana koyar da wannan aiki, kuma lalle ƙasar Daura ba ta rasa 'ya'yan da za su iya shi.