Ruwan wurin ninƙayarku ba datti ya yi ba, ku daina antaya masa kulorin

Zare ne, kuma zai ɗan yi tsawo. Na masu tafkin ninƙaya a gida ne, da masu gidajen saukar baƙi da ke tallata shi a Instagram, da ku da iyayenku suka gina suka bar muku kula da shi. 🧵

Ga yadda abin yake faruwa kusan kullum: a cika tafki da ruwan bohol garai-garai, a zuba kulorin da yamma, gari na wayewa ruwa ya koma kalar shayi ko kore-kore. Sai Alhaji ya hau maigadi da faɗa, a ƙara kulorin, abu ya ƙara ɓaci, a ƙarshe a sallami bawan Allah. Wallahi mafi yawan lokaci ba shi da laifin komai.

Ruwan bohol da yawa yana tahowa da narkakken ƙarfe wanda ido ba ya gani. Kulorin na taɓa shi sai ya zama tsatsa nan take. Wato kai da kanka ka rina ruwan, kuma duk kofin da ka ƙara rini ka ƙara.

Kun ma san ƙarfen nan. Shi ne jan lakar da ke kwanciya a gindin tankin sama, shi ne ke sa farar shadda ta koma ruwan ƙwai bayan wanki biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga miligiram 0.3 a lita ɗaya ƙarfe yake fara ɓata tufafi da kayan banɗaki. Ɗan mitsitsi ke nan fa.

Sai maganar pH, ma'aunin tsamin ruwa. 7 ne tsakiya, ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa. Wanda ya taɓa jefa kanwa a zoɓo ya ga kalarsa ta juya, tsaminsa ya karye, to ya riga ya ga pH yana aiki.

Ruwan ninƙaya ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Kada lambobin su ruɗe ku: ruwan da ke kan 6 ya ninka na 7 tsami sau 10. Ba ɗan bambanci ba ne.

Me ke jan shi ƙasa? Ruwan bohol ɗin kansa sau da yawa da ɗan tsaminsa yake fitowa. Sannan waɗannan farare-fararen ƙwayoyin kulorin masu kama da wainar shinkafa da ake jefawa su narke a hankali, pH ɗinsu wajen 3 ne. Wata uku kana jefa su ba gwaji, me kake tsammani?

Abin da ya fi ba ni haushi: ruwa mai tsami kyau gare shi. Tas, kamar madubi, ya yi daidai da hoto. A lokacin nan yana cin simintin da ke tsakanin tayil, yana cin tsanin ƙarfe da sukurorin fitila, yana narkar da duk wani jan ƙarfe da ke cikin famfo ko injin ɗumama ruwa. Yara su fito ido jajir, jiki na ƙaiƙayi, a ce wai kulorin ne ya yi yawa. Wanda ya daɗe yana iyo a irin ruwan nan har haƙoransa suna zaizayewa.

Don haka abu na farko: sayi kayan gwaji. Ko 'yar takardar nan da ake tsomawa ta canza kala, ko na ɗigawa. Mutum ya kashe miliyoyi a gini amma ya kasa sayen abin da bai kai kuɗin suyar dare ɗaya ba. Haba Alhaji.

Kafin ka kashe ko sisi a kan tabo, gano ko na mene ne. Je kemis ka sayo ƙwayar bitamin C, ka danna ta a kan tabon kamar na minti ɗaya. In wurin ya yi haske, ƙarfe ne. In bai motsa ba amma ƙwayar kulorin ta goge shi, to na ganye ne ko gansakuka. Tabo mai ruwan ƙasa ko ja, ƙarfe. Shuɗi-kore, jan ƙarfe, kuma shi ya fi taurin kai.

Haka ma koren ruwa iri biyu ne. Kore mai duhu, bango na santsi: gansakuka, nan kulorin ne maganinsa. Kore amma kana hango ƙasan tafkin sarai: ƙarfe ne, ajiye bokitin nan.

Yanzu inda mutane suka fi yin ɓarna. An gwada, an ga pH 6.2, sai a juye rabin buhun soda ash lokaci ɗaya. Tsamin nan shi ke riƙe da ƙarfen a narke. Kana ɗaga pH da ƙarfi, ƙarfen zai fito gaba ɗaya ya manne a tayil. Garin gyaran gira ka rasa ido.

Bi da bi ake yi. Dakatar da kulorin ya sauka sosai. Zuba maganin kama ƙarfe, masu sayar da kayan tafki sun san shi, ka bar famfo yana juya ruwan kwana guda. Sannan ka fara ɗaga pH kaɗan-kaɗan.

Ka fara da alkaliniti, wato ƙarfin da ke hana pH rawa. Ana so ya kasance 80 zuwa 120. Bekin soda ke ɗaga shi: wajen giram 17 a kowace lita 1,000 yana ƙara 10. Tafki mai mita 8 da 4, zurfin 1.5, lita 48,000 ne, ka ga wajen giram 800 ke nan. Narkar a bokiti, zagaya da shi, jira awa shida, sake gwadawa. In pH bai kai ba, sai soda ash ɗan kaɗan, irin wanda masu sabulun ruwa ke saye. Ko ka juya bakin famfo sama ruwa ya dinga fantsama, iska ma tana ɗaga pH kyauta.

Bekin soda na ce, ba bekin foda na kek ba, ba kuma kostik soda ba. Kuma don Allah kada wani ya je kasuwa ya auno kanwa, yashi da ƙasar da ke cikinta sun ishe ka wani sabon aikin. 😅

Tabon da ya riga ya kama, garin bitamin C ke ɗaga shi, ascorbic acid ake rubutawa a jikin leda. Amma sai kulorin ya yi ƙasa, in ba haka ba cinye juna za su yi. Bayan nan a dawo da kulorin a hankali cikin kwanaki.

Wani abu da mai shago ba lallai ya gaya maka ba: maganin kama ƙarfe ba ya fitar da ƙarfen, riƙe shi kawai yake yi, kuma yana ƙarewa. In za ka ci gaba da ƙari daga bohol ɗin nan kai tsaye, tabo zai dawo. Tara ruwan a tanki tukuna, ya sha iska, a ɗan sa kulorin, tsatsar ta kwanta kwana biyu, sannan ka ja na sama ta cikin matatar yashi.

Masu cewa a zubar kawai a sake cikawa: lita 48,000 jarka 1,920 ce mai lita 25. A unguwar da maƙwabta ke jiran 'yan garuwa. Kuma daga bohol ɗaya za ka sake cikawa, ƙarfen na nan yana jiran ka.

Na ƙarshe, kuma wannan maganar rai ce: kada a haɗa ƙwayar kulorin da garin kulorin a mazubi ɗaya, suna iya kama wuta. Kada asid ya haɗu da kulorin, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. Magani ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin magani ba. Ku zaunar da mai kula da tafkin ku gaya masa wannan baki da baki, ku saya masa safar hannu da tabarau, don shi ne ke buɗe bokitin kowace safiya.